A bar yaran Zango su koyi ƙirga ƙofofi

Kalmar da duk Gana ke kiran damfarar intanet da ita, daga bakinmu ta fito. Sakawa. Mu mun san saka riga, saka gishiri a miya, saka hannu a takarda. Sai ga shi yau mutumin da bai iya ko "sannu" ba, a Ho yake ko a Takoradi, ya iya cewa sakawa, kuma idan ya faɗa hankalinsa Zango yake tafiya. Har finafinai an yi da sunan. Ba na musun cewa akwai 'ya'yanmu a cikin harkar. Akwai, kamar yadda akwai 'ya'yan kowa. Amma tabon sunan a jikinmu ya zauna, ya kuma jawo mana wata asara da ba a cika lura da ita ba: iyaye sun koma tsoron kwamfutar kanta. Yaro ya buɗe laftof, allo ya yi baƙi, rubutu na ta gudu, sai uwa ta dafe ƙirji tana salati.

Sau da yawa abin da ke gudu a baƙin allon nan darasin farko ne na wata sana'a ta halal, wadda bankuna da kamfanonin waya ke biyan kuɗi mai kauri a kanta. Sunanta gwajin kutse. Mai dukiya ne da kansa yake ɗauko ka, ya ce zo ka gwada shiga na'urorina kamar yadda ɓarawo zai gwada, ka faɗa mini inda ka samu hanya in toshe. Matakin farko na aikin kuwa shi ne sikanin netwok da tantance abin da ke aiki a bayan kowace ƙofa. Ra'ayina shi ne a koyar da wannan mataki a makarantunmu da cibiyoyin matasa na Nima da Mamobi da Sabon Zango a Ankara, da Aboabo da Asawase a Kumasi, a fili, gaban malami, da sanin iyaye. Na san akwai dattawan da za su ce malam ya zauce. A bari in yi bayanin abin tukuna.

Kowace na'ura da ke kan netwok tana da adireshi, lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, irin 192.168.1.1 da ake gani a bayan rawutar gida. Ku ɗauke shi kamar lambar GhanaPostGPS da aka manna a bango. To gidan da ke wannan adireshi gidan haya ne irin namu na Zango, ɗaki kusa da ɗaki, sai dai shi ƙofofinsa 65,535 ne, kowace da lambarta, kuma jeri biyu ne, na TCP da na UDP. Masu sana'ar na ce wa ƙofar fot. Yawancinsu a rufe suke, ba kowa a ciki. Waɗanda ke buɗe kuwa, akwai wata manhaja zaune a baya tana jiran baƙo. An saba da wanda ke zama a wace ƙofa: shafin intanet a 80 da 443, aika wasiƙa a 25, musayar fayil ta Windows a 445, shiga kwamfuta daga nesa a 22 ko 3389, hoton kyamarar tsaro sau da yawa a 554. Akwai kuma wata tsohuwa, Telnet, a ƙofa ta 23, wadda ke ɗaukar kalmar sirrinka tsirara ta wuce da ita ta tsakiyar kasuwa. Za mu dawo kanta.

Yadda kwamfuta biyu ke fara magana ta TCP, duk ɗan Zango zai gane shi nan take, domin sallama ce. Ta farko ta yi sallama, ta biyu ta amsa, ta farkon ta ce to na ji, sannan a shiga zance. Mai sikanin yana bin ƙofofin ne ɗaya bayan ɗaya yana sallama. Idan aka amsa, ƙofar a buɗe take. Idan aka ce masa ba kowa a nan, a rufe take. Idan ya ji shiru, to galibi akwai katangar tsaro a tsakani, mai gadi ya haɗiye sallamar bai bari ta isa ba. Akwai ma salon da ake yin sallamar, a ji an amsa, a juya a tafi ba tare da an cika ta ukun ba, don ya fi sauri. Jerin UDP ba shi da wannan al'ada ta amsa sallama, shi ya sa bincikensa ke cin lokaci, kuma masu gaggawa kan tsallake shi su bar ɓaraka a baya.

Manhajar da aka fi yin wannan aiki da ita ita ce Nmap. Wani Ba'amurke, Gordon Lyon, ya fitar da ita a watan Satumba na 1997, kuma har yau kyauta ce. Ka ba ta umarnin nmap -sn 192.168.1.0/24, ta zagaya adireshi 254 na netwok ɗin gidanka ta faɗa maka su wa ke nan. A nan ne mutum kan fara ganin abin mamaki: wayoyi goma sha biyu a kan Wi-Fi ɗin gidan da mutum biyar ke kwana. Ka nuna mata na'ura ɗaya, idan ba ka ce komai ba, za ta ƙwanƙwasa ƙofofi 1,000 da aka fi amfani da su.

Sanin cewa ƙofa a buɗe take rabin aiki ne. Sauran rabin, wanda a ganina shi ne ainihin ilimin, shi ne tambayar wa ke ciki. Lambar ƙofa al'ada ce kawai, kowa na iya zaunar da kowace manhaja a kowace ƙofa, don haka ba a yarda da lamba sai an ji murya. Da umarnin -sV, Nmap na jan wanda ke bayan ƙofar da hira har ya faɗi sunansa da sigarsa. Manhajoji da yawa ma ba sa jira a tambaye su, daga amsa sallama sai su ce ni ce wance, siga kaza. Me ya sa sigar ta dame mu? Saboda tun 1999 akwai wani kundi na duniya, CVE, inda ake rubuta kowace ɓaraka da aka gano a manhaja, a ba ta lamba. Wanda ya san suna da siga, cikin minti biyu zai duba ya ga ko makullin ƙofar nan irin wanda aka daɗe da sanin yana buɗewa da ƙusa ne. Daga nan mai gwaji na bi a hankali: wace babbar fayil aka bari kowa na iya gani a 445, waɗanne sunayen masu amfani na'urar ke furtawa, wane shafin shugaba aka manta a buɗe a 80. Ya rubuta komai.

Na ce ya rubuta, kuma a nan malamin da ke cikina zai ɗan yi magana. Abin da ake biyan mai gwajin kutse a kansa rahoto ne. Ga ƙofar da na samu, ga abin da ke bayanta, ga haɗarin, ga gyaran, a cikin harshen da manaja zai gane. Yaron da ya iya buga umarni amma bai iya haɗa jimla uku masu ma'ana ba, ba zai ci abinci da wannan sana'a ba. Duk ɗalibin da ke gudun darasin insha'i yana cewa shi ɗan kwamfuta ne, ya ji wannan da kyau.

Yanzu ga dalilin da ya sa abin ya shafi mai shagon kayan masarufi da bai taɓa jin sunan Nmap ba. Ana ƙirga ƙofofinsa ko ya sani ko bai sani ba. Adireshin tsohon tsarin intanet duka-duka kusan biliyan 4.3 ne. A 2013 masu bincike a Jami'ar Mishigan suka fitar da ZMap, wadda ke iya ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya a dukkan waɗannan adireshi cikin ƙasa da minti 45. Tun 2009 akwai shafin Shodan, wanda aikinsa ke nan dare da rana, yana tara abin da ya gani, kowa na iya shiga ya bincika. Don haka maganar "wa ya san da ni, ni ɗan ƙaramin shago" ba ta da wurin zama. Na'ura ce ke zagayen, ba ta tambayar girman shago.

A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta yi ta yawo tana neman ƙofa ta 23 a buɗe, Telnet ɗin nan da na ambata. Idan ta samu, sai ta gwada sunaye da kalmomin sirri kusan sittin, irin waɗanda masana'anta ke sakawa, su admin da admin, su 12345. Da wannan kaɗai ta mallaki dubban ɗaruruwan kyamarori da rawutoci, ta mai da su rundunar kai hari. Samari ne suka rubuta ta a Amurka. Kuma abin bai tsaya can nesa ba. A ƙarshen shekarar wani ɗan Birtaniya, Daniel Kaye, ya yi amfani da wani nau'inta ya afka wa kamfanin waya na Lonestar a Laberiya, har intanet ta tsaya wa jama'a da dama a ƙasar. Kotu a Landan ta ɗaure shi wata 32 a Janairun 2019. Masu kyamarorin da aka yi aikin da su, yawancinsu ba su ma san an hau kayansu ba.

Sai WannaCry, ranar 12 ga Mayu 2017. Ita ƙofa ta 445 take nema. Ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin marasa lafiya dubbai. Abin takaicin shi ne Microsoft ta riga ta fitar da facin wannan ɓaraka tun watan Maris, wata biyu kafin harin. Duk ma'aikatar da ke da mutum ɗaya mai zagayawa yana duba wace na'ura ce ke da 445 a buɗe, wace ce ba a yi wa faci ba, ta kwana lafiya.

Ku dubi Zango na yau. Kyamara a masallaci, kyamara a shagon canji, kyamara a ƙofar gidan Alhaji, kuma yana kallonta a waya daga Makka. Wakilan aikin Hajji da Umara na ajiye hotunan fasfo ɗin jama'a a kwamfuta. Ƙananan asibitoci na ajiye sunan mara lafiya da cutarsa. Makarantunmu na Islamiyya na ajiye sakamakon yara da lambobin iyayensu. Wa ya haɗa waɗannan na'urori? Galibi wani yaro ne da aka kira daga Circle ko Adum, ya ja waya, hoto ya fito, aka biya shi ya tafi. Bai yi mugunta ba, iyakar abin da aka koya masa ke nan. Na taɓa duba netwok ɗin wata makaranta bisa roƙon shugabanta, na tarar da na'urar da ke naɗar hoton kyamarori tana nan da kalmar sirrin da ta zo da ita daga kwali, kuma ɗaya daga cikin kyamarorin tana kallon farfajiyar da 'yan mata ke alwala. Gyaran bai kai minti goma ba. Shekara nawa ta yi a haka, Allah kaɗai ya sani.

To ga maganar dattawa, kuma ba maganar banza ba ce: Malam, kana koya wa yaro yadda ake leƙa gidan mutane, a unguwar da aka riga aka yi mana suna. Idan ya juya fa?

Yana iya juyawa. Maƙerin da ke koyar da yanka makulli ma yana da wannan fargaba, kuma ba wanda ya ce a rufe maƙera. Amma a duba abu biyu. Na farko, sakawar da muka sani ba ta buƙatar wannan ilimi ko kaɗan. Jarinta daɗin baki ne da hoton ƙarya da kiran waya na "na turo maka kuɗi a MoMo bisa kuskure, don Allah mayar mini". Yaron da ya zauna wata shida yana koyon bambancin TCP da UDP ya riga ya ɗauki hanya mai tsawo, irin wadda mai neman kuɗin dare ɗaya ba ya haƙurin bi. Na biyu, ilimin ba a hannunmu yake ba balle mu ɓoye. Nmap kyauta ce, darussa sun cika YouTube, duk mai bandir na sidi biyar zai kalla. Abin da bidiyon ba zai ba shi ba shi ne babba da zai tsaya a kansa ya ce wannan naka ne, taɓa, wancan ba naka ba ne, cire hannu. Idan muka hana a aji, yaron zai koya shi kaɗai a ɗaki da ƙarfe biyun dare, kuma gwajinsa na farko a kan Wi-Fi ɗin maƙwabci zai yi shi.

Mu kuwa muna da abin da za mu gina wannan tarbiyya a kai, tun kafin a ƙirƙiri kwamfuta. Kowane yaro da ya yi makaranta ya wuce ta Suratun Nur, inda aya ta 27 da ta 28 suka hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, suka kuma ce wanda aka ce masa ya koma, ya koma. Ya ji hadisin neman izini sau uku. Ya ji wanda ya bayyana cewa saboda ido ne aka shar'anta neman izinin, wato leƙe ta kafar ƙofa ma shiga ce. Ya ji hanin bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurat. Ban san wata ƙa'ida ta masu gwajin kutse da ta wuce wannan ba. Su ma dokarsu ta farko ita ce ba a taɓa na'urar da ba taka ba sai da izinin mai ita a rubuce. Saurayin da zai ce ai ƙwanƙwasawa kawai na yi ban shiga ba, malamin allo ma zai iya ba shi amsa.

Dokar ƙasa ma tana nan. Dokar mu'amala ta na'ura ta 2008, Act 772, ta mai da shiga kwamfutar wani ba izini laifi. Dokar tsaron intanet ta 2020, Act 1038, ita ta kafa hukumar CSA, kuma tun watan Maris na 2023 hukumar ta fara ba da lasisi ga kamfanonin da ke wannan aiki da takardar amincewa ga ƙwararru, gwajin kutse na cikin ayyukan da abin ya shafa. Wato a Gana yau sana'a ce mai rajista, kamar aikin nas ko na lauya. Kuma yara su sani, sikanin yana barin sawu. Na'urar da ka ƙwanƙwasa tana rubuta adireshinka da lokacin, layin da ka yi amfani da shi kuma an ɗaure shi da Ghana Card ɗin wani, wataƙila na mahaifiyarka.

Izinin ma sai an san daga wa aka karɓa. A Satumban 2019 an kama ma'aikata biyu na kamfanin Coalfire a cikin wani ginin kotu a jihar Iowa ta Amurka, suna tsakiyar gwajin da hukumar kotunan jihar ta ɗauke su su yi, da takardarsu a aljihu. Shugaban 'yan sandan yankin ya ce ginin na ƙaramar hukuma ne, jiha ba ta da ikon ba da izini a kansa. Sun kwana a tsare, sai a Janairun 2020 aka janye ƙarar. Irin wannan na iya faruwa a nan cikin sauƙi. Hedimasta ya ce ka duba mana shafin makaranta, alhali shafin yana zaune a kan sabar wani kamfani a wata ƙasa tare da shafukan mutane ɗari. Hedimasta ba shi da ikon ba ka wannan. Shi ya sa takardar izini ke faɗin adireshin da za a taɓa ɗaya bayan ɗaya, da ranar, da sa'ar, da abin da ba za a kusanta ba, da lambar wanda za a kira idan wani abu ya tsaya. Yakan tsaya kuwa. Tsohuwar firinta ko na'urar asibiti na iya sumewa daga sikanin mai ƙarfi.

Wurin koyo ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, kuma wannan ne ya sa nake ganin ba mu da uzuri. Tsofaffin kwamfutoci biyu da rawuta ɗaya wadda ba a haɗa ta da intanet ba sun isa aji. Ko kwamfuta ɗaya ma, a saka mata VirtualBox, a ɗora Kali Linux a gefe guda, a ɗaya gefen a ɗora Metasploitable 2, wadda da gangan aka gina ta cike da ɓaraka don ɗalibai. Yaro zai yi mata sikanin ya ga ƙofa ta 21 a buɗe, ya tambayi wa ke ciki, a ce masa vsftpd 2.3.4, ya je ya bincika ya gano cewa a 2011 wani ya cusa wa wannan siga ƙofar baya. Ranar da ɗalibi ya bi wannan sawu da kansa tun daga lamba har zuwa labarin, fuskarsa kan canza. Masu Nmap ma sun ajiye wata na'ura a intanet, scanme.nmap.org, suka ce kowa na iya gwadawa a kanta, 'yan sau kaɗan a rana, ban da wuce gona da iri.

Ba kowane yaro nake cewa a tara ba. A fara da 'yan ajin ƙarshe na JHS da 'yan SHS da waɗanda suka gama suna zaune, waɗanda malami ya san su ya san gidansu. Uba ko uwa su sa hannu. Darasin farko ya zama rubuta takardar izini, kafin a kunna komai. Kuma a sa 'yan mata, da yawa. Aiki ne na haƙuri da lura da rubutu, ana kuma iya yin babban ɓangarensa daga gida, abin da zai kwantar wa iyaye da yawa hankali.

Wa zai ɗauki nauyi? Sashen Ilimin Musulunci da ke ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa yana da makarantu da malaman kwamfuta, abin da suka rasa horo ne na mako biyu ko uku. Asusun Raya Zango, wanda majalisa ta amince da dokarsa a 2017, an kafa shi ne don irin wannan, kuma kuɗin kwalbati ɗaya zai buɗe ɗakunan gwaji da yawa. Shirin gwamnati na horar da masu rubuta manhaja miliyan ɗaya da aka ƙaddamar a 2025, sarakunan Zango da 'yan majalisarmu su tambaya a fili kujera nawa ta iso unguwanninmu. Ita kuma CSA, da ke ware watan Oktoba kowace shekara don wayar da kai, ta zo gidajen rediyon da ke magana da Hausa, ta yi bayanin yadda ɗan Zango zai bi ya samu takardar amincewarta, da yadda ake kai ƙara ta lamba 292. Da Turanci a otal ɗin Ankara, Hajiya mai shagon atamfa ba za ta ji ba.

Kafin duk wannan ya samu, kwamitin masallaci ko mai shago da zai kira a saka masa kyamara gobe yana iya yi wa mai sakawar tambaya uku kafin ya biya shi. Ka canza kalmar sirrin da ta zo da ita? Wace ƙofa ka buɗe a rawuta don in riƙa gani a waya, kuma dole ne sai an buɗe ta? Idan kamfanin ya fitar da faci, wa zai zo ya saka? Idan ya tsaya yana sosa ƙeya, a riƙe rabin kuɗin sai ya je ya tambayo.